Hajiya da littafin mayu

Na dawo daga lacca na tarar da littafina a ƙofar flat ɗinmu na Stratford, an ƙulle shi a leda. Ashe Hajiya, uwar mijina da ta zo daga Kano, hoton mayya a kan tsintsiya ta gani a bangon littafin, ta tofe shi da addu'a ta fitar.

Na ce, "Hajiya, labarin ban dariya ne, a kansa za mu yi jarrabawa. Maza ke makarantar bokanci, mata an hana su shiga."

Sai ta ce, "Wato ko a tsafin ma tsintsiya aka bar wa mace?"

Ɗanta na dawowa daga aiki, ko zama bai yi ba ta miƙa masa hoover, injin shara, wai ya share gidan.

Jama'a, in karanta mata babi na biyu?