Famfon Baba Baɗi

Ranar Talata, tara ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, wanda duk unguwa ke kira Baba Baɗi. Na daure a maƙabarta, amma yau da na zauna rubutu hawaye sun ƙi tsayawa.

Baba Baɗi, ka shiga kamfanin ruwa tun yana da inji guda a bakin kogi da tsohuwar tanka mai yoyo. A gabanka aka gina matatar ruwa, aka haɗa masa aikin magudanan ƙazanta, har ya zama shi ke shayar da garuruwan yankin. Kai ke tsara inda bututu zai bi. Unguwarmu kuwa tana kan tudu, kuma duk sanda layi ya zo kanmu sai ka karkatar da aikin wajen asibiti ko makaranta, ka ce sun fi mu buƙata.

Amma tun kuna amarci ka kafa famfo a tsakar gida, ka yi wa yayata alkawarin za ta daina ɗibar ruwa a gangare. In ta tambaya sai ka ce baɗi, har baɗin ta zama sunanka. Famfon ya koma wurin shanya tsumma. Na sha tsokanarka cewa mai ruwan gari guda ne ke wanka da na jarka. Dariya kawai kake yi, ka ɗauki jarkar ka riga mu sauka. Wallahi ban san abin na cin ranka ba sai da ciwo ya kwantar da kai, ka ce mini kana jin kunyar mutuwa da alkawarinta a wuyanka.

Ana cikin jinyar, ma'aikatan da ka koyar suka hauro da bututu. Wata rana da hantsi famfon ya yi tari, ya tofar da tsatsa, sai ga ruwa. Yayata ta tara a kofi ta kai maka. Ka kurɓa, ka dube ta.

"Kin ga baɗin ta zo," ka ce. "Ki yafe mini jinkirin."

"Ni da ban taɓa riƙe ka ba," in ji ta.

Da ruwan famfon nan muka yi maka wanka. Allah Ya ba yayata da 'ya'yanku da abokan aikinka haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙanka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mutane, ba tare da ka jira baɗi ba.