Ciyawar cikin gem

Na ɗaga sanda zan bugi ƙwallo ke nan sai hoton ya daskare, ya saki, ya sake daskarewa. Haka gem ɗin golf ɗin nan da nake bugawa a talabijin yake min duk lokacin da na saita shi a kan hoto mai kyau.

Kawu Sani na zaune gefena yana kallo. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu a yankin Zurmi yake tare da mu a Kaura.

Na shiga saiti na rage kyan hoton. Motsi ya daidaita, amma filin ya dushe.

"Mi ka taɓa?" in ji shi.

"Na gyara ne, Kawu, don ya daina sarƙewa."

"Maida shi yadda yake. Ni ba ƙwallon nika kallo ba. Wagga ciyawa, haka fadamata take in ruwa ya zauna."

Damina uku ke nan bai taka gonarsa ba.

Na mayar, na ajiye abin bugawa. Muka zauna muna kallon ciyawar tana motsi da ƙyar.

Jama'a, me ake ce wa manomin da sai a talabijin yake ganin kore?