Tumatir Shida da Koren Zare

Ana ta yaɗawa a layinmu wai 'yar kawuna, wadda muke kira Almakashi saboda kaifin bakinta, ba shuka tumatir take yi ba, ɗinka shi take yi da keke. Wai har an ga ta sa wa guda ɗaya maɓalli. Ƙarya ce, jama'a! Zare dai an gani, amma ba hannunta ba ne.

Tela ce, ɗaki ɗaya take haya a saman bene. Barandarta, in kyanwa ta yi miƙa sai wutsiyarta ta leƙa titi. Amma nan ta kafa gona: barkono a bokitin fenti, albasa a tsohuwar taya, alayyafo a gorunan roba da ta yanka ta rataye kamar shanya, kowanne ta huda gindinsa da ƙusa mai zafi. Sarkinsu kuwa tumatir ne a fasasshen baho, daga ƙwaya biyar da marigayi Kawu ya bari ƙunshe a takarda. Huɗu sun ƙi fitowa. Wannan ɗayan ya fara fure, kuma burinta kawai ya nuna ta ɗebi iri, kada na mahaifinta ya ƙare. Har gaishe shi take yi kafin ta gaishe mu.

Da aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti, ta danƙa mini makulli za ta tafi jinya. "Ɗan'uwa, kofi biyu safe, biyu yamma. Kai kaɗai na yarda da kai."

Na ce an gama. Ranar farko na kwarara wa tumatir ɗin ruwan mako guda gaba ɗaya, kowa ya huta. Rana ta takwas na leƙa, na tarar ya zama ƙirare. Ni da dabara, na sayo jajaye shida a kasuwa, na buɗe akwatin kekenta, na ɗaura su a jikin karan da koren zare.

Ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta taɓa ganyen, ya marmashe a hannunta.

Na ce, "Haba Almakashi, wa ya taɓa girbe shida a busasshen kara in ba ke ba?"

Ta miƙo hannu. "Makullina. Shi kwana bakwai ka hana shi ruwa ya mutu. Kai shekara talatin gidanmu na ba ka ruwa, ga 'ya'yan da ka yi: ƙarya shida, ƙullin ma bai ƙullu ba."