Idanun da Na Tsinta a Jakar 'Yar'uwata

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce, haifaffiyar Misfala a nan Makka, mai saurin fushi da ganin na fi kowa wayo. Mahaifiyata ce ta koya mini saƙa da kwarashi, ni kuma na juya ta zuwa saƙa 'yan tsana masu kama da jaruman katun ɗin da matasa ke mutuwar so. Sharaɗi ɗaya Ummi ta kafa mini: ba a sa musu ido, saboda abin da ta ji daga malamai game da yin surar masu rai. Na yi mata alkawari, har ƙyallen alamata da nake ɗinkewa a ƙafar kowace 'yar tsana ita ta zaɓa mini.

Da aka shirya babban taron masoya katun a Jidda sai na kama tebur. Ummi ba ta da lafiya, ni ke jinyarta, don haka ɗiyar ƙanwarta, wadda muka tashi ɗaki ɗaya, ta ce za ta riƙa zuwa ta tsare mini. Kaya suka tafi fiye da zatona. Ina cikin murna na fara ganin hotuna a waya: 'yan mata sanye da kayan jarumansu, riƙe da 'yan tsanata, ga alamata a ƙafa, ga idanun roba ƙuru-ƙuru a fuska. Nan take na tuna 'yar'uwata ta taɓa cewa da da ido sun fi shiga rai. Ban tambaye ta komai ba, na dai zuba mata na mujiya. In ta yi dariya a waya, na ce da ni take. In ta makara a hanya, na ce ta tsaya liƙe-liƙe. Hatta gajiyar da ke fuskarta rashin gaskiya na gani.

Ran nan ta dawo ta shiga wanka, na zazzage jakarta. Sai ga leda cike da idanun roba. Ko hijabi ban tsaya nema ba na kai wa Ummi, a gaban baƙin da suka zo dubiya, na ce ga wadda ta ci amanarmu. Da ta fito daga wanka ta so ta yi bayani, na katse ta, na ce munafuka ba ta rasa zance. Ta dube ni, ta dubi ledar, ta ce, “Halas, ya uhti,” wato shi ke nan, 'yar'uwa. “Gobe ki je da kanki.” Ta haɗa kayanta ta koma gidansu a Aziziyya.

Washegari na tafi. Yarinyar farko da ta saya ba ta yi nisa ba, teburin da ke manne da nawa ta tsaya, wurin wata mai sayar da duwatsun ado da gam, ta miƙa 'yar tsanar a sa mata ido. Matar ta ce sun ƙare. Sannan ta leƙo tana dariya ta ce mini 'yar'uwata akwai taurin kai: tun farkon taron take roƙon matar ta daina liƙa wa kayanmu ido, da matar ta ƙi, jiya 'yar'uwata ta saye idanun kakaf daga aljihunta don kada a samu na sawa. Na zauna cikin hayaniyar nan da kiɗa, kunya ta rufe ni, ko kuka na kasa.

Na je har gida na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, kuma na san ba ƙarya take ba. Amma tun daga ranar gaisuwar maƙwabta take yi mini. Da aurenta ya zo, a bakin wasu na ji.

Abin da na koya shi ne, zargi in ya shiga zuciya, duk abin da ka gani hujja yake zama. Ina roƙon masu karatu, musamman masu sana'a da 'yan'uwansu: in kun ga abin da bai yi muku ba, ku tambaya tsakaninku kafin ku tara mutane. Tambaya ɗaya ta isa ta bar mini 'yar'uwata, ban yi ta ba.