Hephzibah da Dabbobin Siminti

Asabar ce, ta ƙarshe a watan Yuli. Ƙarfe shida 'yata Hephzibah ta tashi, ta sha maganinta da ruwan ɗumi, ta share tsakar gida duk da an hana ta. Ƙarfe bakwai muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Ta ce sukari bai ji ba. Mahaifiyarta, Irene, ta ce ai ba don ita kaɗai aka dama ba. Wajen tara ta rataya jaka, ta ɗauki gorar ruwa da rigar sanyi, domin hadari ya fara haɗowa ta wajen Rido.

"Baba, in sayo maka jarida, ko za ka maimaita ta jiya karo na uku?"

"Ki dai dawo kafin ruwa," na ce.

Ba ta dawo kafin ruwa ba. Ƙarfe biyu ta shigo, ƙafafunta a jiƙe har gwiwa, ta sauya kaya ta kwanta. Ƙarfe biyar ta tashi ta goge kayan coci, nata da nawa. Da yamma muka ci tuwo da miyar karkashi, ta yi ƙari. Washegari bayan sujada ciwo ya taso mata a ƙirji. Ran Laraba ta rasu a asibiti, tana da shekara ashirin da shida.

Da sikila aka haife ta. Tun tana ƙarama hanyar asibiti ita ce hanyar da ta fi sani a Kaduna. Daga gidanmu a Sabon Tasha nakan kwantar da ita a bayan mota, in ciwo ya tsananta sai in ce ta leƙa taga ta gaya mini dabbar da muka wuce. Garin nan cike yake da dabbobin siminti da ba mai kallo: zaki a ƙofar wani otal, mikiya a kan ginshiƙin wani gidan mai, giwa a gaban wata makarantar yara da aka rufe, kada a bakin tsohon kulob ɗin ma'aikatan masaƙa a Kakuri. Ta san su duka, ta san wanda ke bin wani. In ta ce "giwa", ta san rabin tafiya ta ƙare.

Ta karanta safiyo, wato aikin auna filaye, amma jikinta bai yarda da yini a rana ba, sai ta karɓi aikin sito a wata masana'anta a Kudenda. A can wani abokin aiki ya nuna mata wasan da ya zama nata. Ga yadda ake yi: mutum ya ɓoye ƙaramin gwangwani a wani wuri, ya sa lambobin wurin a intanet. Masu nema su bi taswirar waya har su gano shi, su sa hannu a 'yar takardar da ke ciki, su ɗauki wani ƙaramin abu, su ajiye wani a madadinsa. Hephzibah ta ɓoye nata a jikin dabbobin siminti. Cikin shekara uku ta ajiye goma sha huɗu, wasu a wannan gefen kogi, wasu a tsallake. Ɗalibai da masu bautar ƙasa da matasan coci da na masallaci suka riƙa fita nema ran Asabar.

Irene ba ta taɓa son wasan ba. Shekara da shekaru tana tsaron yarinyar nan daga sanyi da ƙishi da gajiya, ga shi kowace Asabar tana fita ita kaɗai cikin gari. Likita bai ce ruwan ranar ne ya jawo ciwon ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Irene ta riga ta yanke nata hukuncin.

A al'adarmu, bayan biso akan tattara kayan mamaci gaba ɗaya a gaban dangi kafin a raba. Yayata, wadda yaran danginmu ke kira Goggo, ta zo daga Zonkwa don wannan, ta tambaya ko akwai abin da ya rage a waje.

"Akwai gwangwanaye," in ji Irene. "A kwaso su duka. Ba na son ɗan wani ya sake shiga ruwa saboda su."

Na ce zan je. Ta ce ƙafata ƙafarta, tana so ta ga inda aka cinye mata 'ya. Muka ɗauki wayar Hephzibah da buhun leda, muka tari Keke Napep.

Mun fara da kadan Kakuri. Fentinsa ya koɗe, rabin wutsiyarsa ya karye. Na durƙusa ina laluben ƙarƙashinsa sai na ji murya a bayana.

"Malam, a nan sai an gaisa ake nema."

Mai facin taya ne, dattijo, rumfarsa na jingine da katangar. Na gaya masa ko su wane ne mu. Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa, ya goge hannu a riga, ya yi mana ta'aziyya. Sunansa Malam Isiyaku. Ya ce ya je gidanmu ranar biso, ya tsaya daga waje saboda yawan jama'a. Ya jawo benci.

"Mama, zauna nan. Wurin Injiniya ne." Haka yake kiranta.

Irene ta zauna a ƙarshen bencin, ledar na kan cinyarta.

"Kun san 'yarku ta taɓa sa na gudu na bar taya a kan wuta?" in ji shi. "Farkon zuwanta. Na hango yarinya ta sunkuya ta cusa gwangwani a bakin kada ta yi gaba. A Kaduna fa! Ni na ce bam ne, mai shayi ya ce asiri ne. Kafin ka ce me, layin nan ba kowa, har kaji. 'Yan sintiri suka kamo ta. Aka ce ta buɗe da hannunta, mu kuwa muna leƙe daga bayan tifa. Me ke ciki? Maɓalli, fensir, da alewa ɗaya."

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Wannan labarin bai taɓa zuwa gida ba.

Ya ce daga ranar ta sauya tsari. Ba ta ƙara ajiye gwangwani ba sai ta nemi wanda ke zaune kusa da dabbar, ta gaishe shi, ta nemi izini, ta bar abin a hannunsa. Lambobin waya iyakarsu su kai ka gaban mutum-mutumin. Sauran sai ka yi sallama, ka tambayi sunan mai wurin, ka faɗi naka.

"Yara daga Tudun Wada suna zuwa nan, na nan suna tsallakawa can," ya ce. "Wasu iyayensu ma ba su taka gadar kogin nan ba tun rikicin da ya raba garin."

Irene ta yi maganarta ta farko. "Ran Asabar ɗin ta zo nan?"

"Ta zo. Ruwa ya tare ta a nan. Na hana ta fita har ya tsagaita, mai shayi ya haɗa mata mai zafi. Na yanka mata leda ta rufa, na sa ta a keken ɗan'uwana, na ce har ƙofar gida. Mama, mun san da ciwon. Duk mun sani. Ba ta wuce wurin ɗayanmu ba a cika mata gora ba."

Ya shiga rumfa ya fito da gwangwanin, tsohon na madarar gari, ya miƙa da hannu biyu. Irene ta karɓa ta sa a leda.

Wurin giwa wata mai abinci muka tarar, Nneka. Tana ganin fuskar Irene ta gane ta, ta rungume ta da ludayi a hannu.

"Wannan 'yar taki akwai taurin kai, Mama," ta ce. "In ce ci, ta ce ta ƙoshi. Sai in ce to babu ci, babu gwangwani, in zauna a kai. Wa zai ɗaga ni? Dubi jikina."

Ta nuna mana tabarmar da ke bayan shago, inda Hephzibah kan miƙe ƙafa in rana ta yi zafi. Ta ce in ta ga idonta ya yi rawaya, takan kira mai gadin da ke wurin zaki ta ce yau kada a bar Injiniya ta ƙarasa zagaye, a juyo da ita gida. Sau da yawa mun ga ta dawo da wuri, mun ɗauka hankalinta ne.

Irene ta daɗe tana kallon tabarmar. Nneka ta kawo gwangwanin, ta ajiye a gabanta. Irene ba ta taɓa shi ba.

"Matthew," ta ce mini, "mu koma wurin mai faci."

Muka koma. Ta ciro na Malam Isiyaku daga leda ta mayar masa.

"Malam, ka ci gaba da riƙewa. Amma in hadari ya haɗo, kada ka ba kowa. Su zauna a rumfa."

"Ko gwamna ne," ya ce.

Sauran sha biyun mun zagaya su cikin mako biyu, ba da leda ba. Irene ta soya cincin, kowane wuri ta ajiye ƙulli ɗaya ta yi godiya. Akwai mai gasa masara, akwai mai gyaran agogo, akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa a tsallaken kogi wadda ta riƙe hannun Irene suka yi kuka tare. Na rubuta wannan ne musamman domin su. Mun yi zaton mu biyu ne muke tsaron 'yarmu. Ashe muna da abokan aiki a kowace kwana, ba mu san fuskarsu ba, ba su kuma taɓa neman mu sani ba.

Goggo ta ɗan yi gardama, ta ce kaya ba su cika ba. Irene ta ce waɗancan an riga an raba su, mai su ce ta raba da hannunta. Sai Goggo ta ce a buɗe akwati.

Tufafi da takalma suka tafi Zonkwa wurin 'yan'uwanta mata. Rigar mawaƙa ta koma coci. Littattafan safiyo muka ba wata ɗaliba a layinmu. Ragowar magunguna, waɗanda ba a buɗe ba, na kai wa ƙungiyar masu sikila. Shafin wasan muka miƙa wa abokin aikinta na Kudenda, da sharaɗin kada a sauya ko ɗaya daga cikin masu riƙon. Goggo ta ɗauki Littafi Mai Tsarki. Irene ta riƙe jakar ruwan zafi da zane ɗaya. Ni aka ba ni agogonta, na ƙara wa maɗaurin huda biyu.