Ɗigon da Ke Ƙarƙashin Idon Hagu

Shagon mutumin da na aura yana cikin wani lungu a unguwar Nima, tsakanin mai gyaran fanka da wata mata mai sayar da koko. Faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Aikinsa yi wa tsofaffin finafinai sabon bango. Masu sayar da faifai a kasuwar Circle sukan kawo masa kwalayen kaset na finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla a gidan silima, kwalayen sun sha rana sun sha damina, fuskokin sun koɗe kamar tsohuwar atamfa. Shi kuma ya ɗauki hotonsu ya sa a kwamfuta, ya zauna yana sake gina fuskar jaruma da hannunsa, gira bayan gira, har ta dawo yarinya. Sannan a buga, a yanka, a zura cikin ledar faifai.

A lokacin ban aure shi ba tukuna. Ina ɗinki a wajen innata, kuma duk littafin soyayyar da wani ɗan kasuwa yake kawowa daga Kano a cikin kayan turarensa sai da ya bi ta hannuna. A cikinsu na koyi Hausar rubutu, wadda ta sha bamban da tamu ta Zango. A cikinsu kuma na koyi cewa namiji ba ya yin komai a banza. In ya kalli taga, akwai wadda ta taɓa wucewa ta wajen.

Manyansa sun riga sun kawo goron gaisuwa. Saura kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, ya sa rana. Kawu ya ce shi ba ya sa rana da ka, sai ya ji daga bakina, kuma ya ba ni zuwa Juma'a ta sama.

Ba ni da wata shakka, sai da na buɗe ƙofar kabad ɗina wata safiya. Duk bangon da launinsa bai fita daidai ba, maimakon ya yar, ni yake ba, ni kuma in manna a cikin ƙofar. Sun kai goma sha wani abu. Ina neman mayafi sai idona ya tsaya a kan wata jaruma mai jan gyale: tana da ɗan ɗigo baƙi a ƙarƙashin idon hagu, irin wanda ake kira tawadar Allah. Na kalli ta kusa da ita. Ita ma. Ta ƙasa, wadda ke kuka a jikin bishiya, ita ma. Mata daban-daban, finafinai daban-daban, ɗigo ɗaya a wuri ɗaya.

Na ari faifai uku a wajen maƙwabta na sa a na'urar innata. Duk inda aka haska fuskar jaruma sai in tsayar, in matsa har numfashina ya taɓa gilashin talabijin. Babu mai ɗigo a cikinsu. Na koma gaban madubi, ko da yake na san fuskata sarai. Ni ma babu.

To, ta wace ce?

Kwana huɗu na yi ina nemanta. Na fara da mai koko, na sayi kokon da ba na so don in kalle ta da kyau. Fuskarta sumul. Na bi ta shagon da yake sayen takarda, na tarar da namiji mai gemu. A Kasuwar Malam Atta na ga wata mai tumatir, fara, mai dariya da hushirya, da ɗigo a kumatu. Na matsa kusa. Na tsaya ina juya tumatir ɗaya a hannu ina auna nisan ɗigon da ido.

Ta ce, "'Yar'uwa, saye za ki yi ko kin zo ƙirga mini haƙora ne?"

Nata a dama yake, kuma ya yi ƙasa da yawa. Na saya na tafi, amma ban cire ta daga lissafi ba sai washegari.

Ranar Laraba na yanke shawarar da na tabbata wata jaruma a littafi za ta yanke. Na ɗauki kwalli na ɗiga a ƙarƙashin idona, na gyara mayafi, na tafi shagonsa da azahar. Na ce a raina, in ya razana, akwai ta. In ya sunkuyar da kai, tana da rai. In idonsa ya kawo ruwa, ta rasu, kuma wannan ya fi muni, don ba a kishi da matacciya a yi nasara.

Ya ɗago daga kwamfuta ya dube ni. Bai razana ba. Dariya ya yi har ya buge gwiwa da tebur.

"'Yar littafi," haka yake kirana, "wa ya yi miki wannan aikin? A dama kika sa shi. Kuma ya yi girma. Madubi ya cuce ki."

Wannan ya fi razana ɓata mini rai. Mutum ya san wurin ɗigo daidai da ƙwayar gero, ya ce babu komai?

Na ce, "Malam, ban zo wasa ba. Jibi kawu yake jiran amsata. Wace ce?"

Ya daina dariya. Ya jawo aljihun tebur ya fito da faifai biyu na fim ɗaya ya ajiye a gabana. Ɗaya launinsa tas, ɗaya ya yi duhu kamar an bar shi a madafi.

"Wannan nawa. Wannan na tsinta a Circle, a teburin wanda bai taɓa kawo mini aiki ba. Kwafa suke yi. In na rubuta sunana a ƙasa, almakashi ya ishe su. Amma wannan," ya sa ɗan yatsa a kan ɗigon, "wa zai goge? Kowa zato yake na jarumar ne. Da shi nake gane aikina ko a ina na gan shi, in je in ce wa mai tebur ya ji tsoron Allah."

Maganar ta zauna daidai, kuma abin da ya dame ni ke nan. A littattafai, maƙaryaci ne kullum amsarsa ke zama daidai.

"Me ya hana ka sa tauraro a kusurwa? Ko tsuntsu? Sai fuskar mace, sai idon hagu?"

"Haka na tarar maigidana yana yi. A wajensa na koyi zane, na ɗauko har da ɗigon. Ban taɓa tambayarsa ba."

"Yana raye?"

"Yana unguwar Maamobi, bayan masallacin da ke da koren fenti. Mu je yanzu."

"Ni kaɗai zan je. Kawo wayarka."

"Cale," in ji shi, yadda 'yan Nima ke kiran aboki, "har ta kai ga haka?"

Ta kai. Na karɓi wayar don kada ya riga ni sanar da tsohon, na ba mai koko ajiya, na ce kada ta ba shi ko ya ce gobara ake. Na goge kwallin da bakin mayafi na kama hanya.

Maigidan nasa tsoho ne, idonsa ya yi yana, yana zaune a inuwar baranda da rediyo a cinya. A zamaninsa, in ji shi, a kan buhun fulawa yake zana fastar fim da fenti, masu yawo da bidiyo da janareta su naɗe su tafi da ita ƙauyuka. Da na ce ina so in ga aikinsa, sai ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Hajiya! Baƙuwa na son ganin buhunan nan."

Hajiya ta fito da su a naɗe daga ƙarƙashin gado, tana mita game da ƙura da kyankyasai. Ta shimfiɗa uku a tsakar gida ta danne gefunansu da takalma. Fentin ya tsattsage, amma ɗigon na nan a kowace, ƙarƙashin idon hagu. Ashe gaskiya ya faɗa mini. Sai kuma na ɗaga kai na kalli Hajiya, don na riga na rubuta ƙarshen labarin a zuciyata: ita ce, ya gan ta tana budurwa a bakin famfo. Na duba sosai. Tana da tsagar danginsu a kumatu biyu. Ɗigo babu.

Ta kama ni ina kallo. Ta ce, "Ki gama dubawa, 'yata. Ba ke kika fara ba."

Na ji kunya, amma na riga na zo. Na ce, "Baba, wannan ɗigon fa?"

"Wannan? Ƙuda ne ya sauka a kan ɗanyen fenti ranar da na yi zanen farko. Na ga ya yi kyau, na bar shi."

"Ji shi," in ji Hajiya. "Bara cewa ya yi buroshi ne ya ɗiga. Kafin nan wai wani mai zanen mota ne ya koya masa. Yau ƙuda. Tun ina amarya nake tambaya, Alhaji, ƙudan nan bai taɓa fitowa ba sai yau."

"Kin cika bincike, Hajiya."

"Kai kuma ka cika mantuwa a inda ka ga dama."

Ya murɗa rediyonsa ya ƙara sauti, yana ɗan murmushin da ban so ba.

Ta rako ni har bakin lungu. Ta tambayi wanda ya aiko ni, na gaya mata komai, har da kwallin. Ta yi dariya sai da ta dafa bango.

"Naki gado ya ci, bai san ta ba. Lokacin da ya zo koyon aiki ɗigon ya girme shi. Nawa ne ya san ta."

"Kin taɓa ganinta?"

"Na duba fuskar kowace mace daga nan har Kumasi. A gidan biki, a asibiti, a filin Idi." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Amma ki sa ya cire tun kafin a sa rana. In an riga an sa, kunnensu toshewa yake."

Na koma Nima na karɓi wayar na ajiye masa a tebur. Na ce na yarda da shi, amma ba zan zauna gida ɗaya da wannan matar ba, ko ta wace ce. Ya ce to da me zai riƙa gane aikinsa? Na ce shi ne mai zane, ya nemo. Ya yi ta ƙorafi har la'asar ta wuce, yana cewa ɗigon amana ce daga maigidansa. Na ce amanar wani ce, ya mayar masa. A gabana ya buɗe fuskar da yake aiki a kanta ya goge. Sai na ga jarumar ta zama kamar ba kowa ba, har na ɗan tausaya mata. Alamar da ya sauya da ita mu biyu muka sani, kuma ba zan rubuta ta nan ba, don masu kwafa ma suna karatu.

Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin wa'adi, na durƙusa gaban kawu na ce a sa rana.

Yanzu faifai ya kusa zama tarihi, maigidana ya koma zanen kwalin sabulu da katin biki. Amma a Circle har yau akwai teburan da tsofaffin bangon nan ke kwance a rana, kwafin kwafi, da ɗigonsu. Ni kuma ban daina dubawa ba, sai dai yanzu tsofaffi nake kallo. Kwanaki a cikin trotro, motar hayarmu, ta zuwa unguwar Malam na zauna kusa da wata dattijuwa, doguwa, da kwandon albasa a cinya. Da ta juyo za ta miƙa kuɗin mota sai na gan shi, ƙarami, a ƙarƙashin idon hagu, daidai wurin. Na kalle ta har ta tsargu.

Ta ce, "'Yata, na yi miki kama da wata ne?"

Na ce, "E, Mma. Da wata da na sani tun da daɗewa."

Ta sauka kafin mahaɗa, ta ɗora kwandonta a ka ta shige wani lungu. Ban gaya wa maigidana ba. Hajiya kuwa na je gaishe ta sau biyu tun daga ranar, kuma duk sau biyun hirar tsadar gas muka yi.