Yadda telata ta gano ciwon da ke wuyana

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Roni, na fara ƙiba babu gaira babu dalili. Da farko har daɗi nake ji, don duk wadda ta gan ni sai ta ce aure ya karɓe ni. Mahaifiyata ma godiya take aika wa maigida. Alhali tuwo ko malmala ɗaya ba na cinyewa. Ga barci kamar kasa, ga jin sanyi a tsakiyar bazara, ga gashi yana bin hannun mai kitso. Duk na ɗora wa gajiyar aiki.

Akwai ƙawata tun ta yarinta, tela ce a Kazaure, ita ke min ɗinki tun kafin in yi aure. Gab da wata Sallah na kai mata atamfa uku, ta gwada ni. Bayan wata guda na karɓo, ko ɗaya ba ta shige ni ba. Maimakon in tuhumi jikina, sai na yanke cewa rage min atamfa take yi. Na hau mota na je shagonta, mata cike, na zazzage mata rashin mutunci, har da cewa ta ci amana. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ba ta rama ba. Idonta ya yi ja, amma ta ɗauko tef ta ce in tsaya. Da ta zo wuyana sai ta daɗe tana dubawa.

"Shekara ashirin ina gwada mata," in ji ta. "Ƙibar abinci ba ta kumbura gaban wuya haka. Ki je asibiti. Daga yau kuma ki nemi wata telar."

Na fito ina cika ina batsewa, amma maganar ta tsaya min a rai, na je. Aka ɗebi jini. Likita ya ce garkuwar jikina ce ke yaƙar wata 'yar halitta da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, shi ya sa komai na jikina ya yi sanyi. Maganin ƙwaya ɗaya ce kowace safiya kafin karyawa, kuma ba a dainawa.

Ban taɓa ganin wanda aka ce yana da ciwo ya fito yana murna kamar ni ba. Ashe ba lalaci ba ne, abin yana da suna, yana da magani! Cikin 'yan watanni kumburin fuska ya saɓe, barcin ya sake ni, ina shiga aji da ƙarfina.

Saura ƙawata, wadda ko sallamata ta daina amsawa. Na zaɓi ranar da shagon ya cika, na tsaya a tsakiya na ce ni ce na yi mata ƙazafi, kuma ita ce silar samun lafiyata, ta yafe min don Allah. Ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta ce, "Matso nan, wa ya yi miki wannan mugun ɗinkin?" Muka fashe da dariya, ina share hawaye.

Abin da na koya, jiki in ya sauya ba dalili, a tambayi likita kafin a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Ni na kusa rasa aminiyar shekara talatin a kan atamfa uku, kuma ita ce ta fi ni kula da ni a ranar da na zage ta.